Kada Ki Sayar da Gawar Tukuna

Wasiƙar wannan makon daga Unguwar Rogo ta fito:

“Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a nan Jos, ina kuma haɗawa da karatun digiri na biyu. Mako uku ke nan, daren da aka yi ruwan nan mai tsawa, ƙanena ya jona laftof ɗina a wuta yana kallon ƙwallo. Aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi, sai muka ji ƙauri kamar roba na ƙonewa. Tun daga nan ko ƙyaftawa ba ta sake yi ba. Ta hannu ce, na saye ta a 2019. Mai gyara ya ce madabod ya ƙone, kuɗin gyaran ya kusa sayen wata. Maigidana ya ɗauki adashensa ya saya mini sabuwa, Allah ya saka masa, amma fanko ce. Babi huɗu na aikin bincikena suna cikin tsohuwar, da amsoshin takardun tambaya da na shigar a Excel da hannuna, da hotunan gida. Abin da ya fi ci mini rai, akwai muryar mahaifinmu da na ɗauka wata biyu kafin rasuwarsa, yana ba mu labarin yadda kakanmu ya zo Jos aikin kuza. Kwamfutar tana shagon mai gyaran har yanzu, ya ce in bar masa ita ya ba ni wani abu tunda ta zama kwandem. Ga kuma hotunana na cikin gida da ba na son idon kowa ya gani. Ƙanen nawa kuwa tun ranar ban yi masa magana ba. Malam, in ci gaba da sa rai, ko in haƙura in fara daga farko?”

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ki ɗauki waya ki kira mai gyaran ki ce masa kin fasa, kada ya taɓa ta, kina nan tafe gobe da safe. Ba zarginsa nake yi ba. Sana'arsa ke nan, ya sayi matacciya ya feɗe ta, ya sayar wa wannan sikirin, ya sayar wa wancan kibod. Amma ranar da ya feɗe taki, abu na farko da zai yi wa faifan ajiyarta shi ne ya goge shi tas ya saka wa wani kwastoma, kuma ba zai ga laifinsa ba, tunda ke kika sallama.

Ga dalilin da ya sa na ce kada ki fid da rai. A ƙauye ba a gina rumbu a cikin ɗaki. Can gefe ake ɗora shi kan duwatsu, don ko gobara ta ci ɗaki hatsi ya tsira. Kusan haka aka ƙera kwamfuta. Madabod shi ne ɗakin, nan wuta ke shiga, nan ake duk wata kai-komo. Amma babinki huɗu da muryar Baba ba a nan suke kwance ba. Suna cikin wani ɗan akwati daban, wanda masu gyara ke ce wa had-dis, ni kuwa zan riƙa ce masa rumbu. Shi ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abin da aka zuba masa. Wutar da ta dawo da ƙarfi ta caja take bi, kuma galibi a bakin ƙofa take ɓarnarta, wato a sashen madabod da ke karɓar wuta yana rarrabawa. Ba zan rantse miki cewa rumbun ya tsira ba, don wani lokaci takan zarce har cikinsa. Amma a irin wannan mutuwa sau da yawa lafiya ƙalau ake samunsa. Ni hannun mutane bayan tsawar ya fi ba ni tsoro a kan tsawar kanta. Kuma tunda an ji ƙauri, kada kowa ya sake jona ta a caja wai a gwada sa'a.

Daren yau ma akwai aikin da za ki yi daga kan tabarmarki. Ki buɗe imel ɗinki, ki shiga wajen saƙonnin da kika aika, ki nemi sunan malamin da ke duba aikinki. Babu ɗalibin da ya kai babi na huɗu bai taɓa tura wa malaminsa komai ba. Ki duba WhatsApp, har da hirarku ta 'yan aji. Ki zazzage jaka ki fito da filas ɗin da kike kai wa masu furintin a bakin jami'a. Kwafin da malam ya yi wa jan biro yana ina? Takardun da mutane suka cike ai ba su ƙone ba. Ko Excel ɗin ya tafi, sake shigar da su wahalar 'yan kwanaki ce. Muryar Baba kuma ina jin da waya kika ɗauke ta. Wace waya? Tana hannun wa yanzu? Ba ki taɓa tura wa wata 'yar'uwa a Bauchi ko Kano ba? In kuma da asusun Microsoft kike shiga tsohuwar, ki leƙa OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft da ke intanet, daga sabuwar, don Windows kan kwashi foldar Desktop da Documents da Pictures ya kai can, mai kwamfutar ma bai lura ba.

To, mu dawo kan gawar. Ki kifa ta, a ƙasanta akwai lambar samfurinta, da ita ake gane irin rumbun da ke ciki. Na farko ɗan akwati ne kamar tafin hannu, ana ce masa mai inci 2.5, bakin da ake jona shi kuma ana ce masa SATA. Wani akwai faifai mai juyawa a cikinsa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya. Wani kuma SSD ne, babu abin da ke motsi a ciki, amma bakinsu ɗaya. Tunda taki tun a 2019 ta hannu ce, ina kyautata zaton wannan za a tarar. Na biyu siriri ne kamar sandar cingam, sunansa M.2, mafi yawa faɗin milimita 22 tsawon 80, sukuru ɗaya tal ke riƙe da shi. Shi kuma gida biyu ne, SATA da NVMe. Kamarsu kusan ɗaya, amma abin da ya karanta wannan ba lallai ya karanta wancan ba. Galibi mai tsaga biyu a baki SATA ne, mai tsaga ɗaya NVMe, sai dai rubutun jikinsa ya fi tsagar faɗin gaskiya. Na uku shi ne na takaici, an liƙe shi da dalma a jikin madabod, ba ya ciruwa. Ƙananan kwamfutoci masu araha da MacBook na 'yan shekarun nan haka suke. Wasu kwamfutocin kuma rumbu biyu gare su, siririn na Windows, babban na kaya. A duba da kyau kada a baro ɗaya a ciki.

Cire shi ba wani aiki ba ne. Ki bar mai gyaran ya cire, amma a gabanki, ke ko maigida na tsaye. Ki faɗa masa a sarari: “Ba gyara na kawo ba. Had-dis kawai za ka cire ka ba ni a hannu.” Ki biya shi ladansa. In ya ce ki je ki dawo bayan la'asar, ki ce za ki jira. In ya ce bari ya sa a tasa kwamfutar ya kwafe miki, ki yi godiya ki ce a gida za ki yi.

Ga abin da ya sa na dage. Mutane da yawa suna zaton kalmar sirrin da suke bugawa in sun kunna kwamfuta ita ke tsare musu kaya. Wannan kwaɗon ƙofar ɗaki ne kawai. Da zarar an ciro rumbu an jona a wata kwamfuta, in dai ba a rufe shi da wani makulli da zan zo kansa ba, duk wanda ke zaune gaban allon zai ga komai, ba a tambaye shi ko harafi ɗaya ba. Abin da zai cece ki ke nan, kuma shi ne abin tsoron. Hotunan da kika ambata, da hoton katin shaidarki, da takardun banki, kwafe su aikin 'yan mintuna ne, shago kuwa ba mutum ɗaya ke zama ba. Akwai yaran shago, akwai 'yan zaman hira. Yawancin masu gyaran da na sani mutanen kirki ne. Amma sirrin matar aure ba abin gwada amanar mutane ba ne.

In maigida ya ce shi zai cire a gida, ya samo ƙaramar sukudireba da farantin zuba sukurori, don in ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera an rabu ke nan. Ya zare caja, ya cire batir, ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya sa hannu a ciki. Yanzu damina ce da sauƙi, amma da hunturun Jos, lokacin da ko bargo ka ja sai ka ji tas-tas, ɗan tartsatsin nan ya isa ya kashe na'ura. Rumbun a kwance ake jansa baya ya zare daga bakinsa, a gefe-gefe ake riƙe shi, ba a dafa koren allon da ke ƙasansa.

Daga nan sai kesin, wato ɗan gidan da ake zura rumbun a ciki ya koma kamar babban filas mai kebul. Shagunan kayan kwamfuta na Ahmadu Bello Way da kewayen Taminus ba sa rasa shi, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da za a ceto. Ki tafi da rumbun a naɗe cikin tsumma mai laushi, kada ya faɗi kada ya bugu, a gwada bakin a gabanki. Ki nemi mai USB 3.0, wanda galibi harshensa shuɗi ne. Ba don sauri kaɗai ba: kafar USB 2.0 wuta mai ƙarfin miliamfa 500 take bayarwa, ta 3.0 kuwa 900, shi kuma faifai mai juyawa yana jan wuta sosai lokacin tashi.

A gida ki cika batirin sabuwar kwamfutar ki zare ta daga bango, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ki ajiye kesin a kan tebur, ba kan katifa ko cinya ba. Ki kori yara, ki kashe rediyo, ki jona, sannan ki kawo kunnenki kusa. Lafiyayyen faifai zai yi ɗan zuuu yana tashi, ki ji yana rawa kaɗan a ƙarƙashin yatsa, sai ɗan ƙus-ƙus kamar ɓera a bayan buhu, sai ya daidaita. SSD shiru zai yi, sai dai fitilar kesin. Amma in kika ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere kamar agogon bango, ko yana tashi yana mutuwa, ki zare. Ki canza kafa da kebul ki gwada sau ɗaya tak, don ƙarancin wuta ma kan sa lafiyayye ya yi haka. In ya maimaita, kada ki ƙara. In kuwa ƙarar karce kika ji, ko ɗayan ma kada ki gwada.

Mu ce Allah ya taimaka ya fito a This PC, wato inda Windows ke jera rumbunan da aka jona, da sabon harafi, D ko E. Ki shiga foldar Users, za ki ga wata mai sunan da kike shiga tsohuwar kwamfutar da shi. Windows zai ce ba ki da izini. Ki danna Continue ki jira, yakan ɗauki mintuna. A ciki za ki tarar da gidanki yadda kika bar shi daren ruwan. A nan mutane ke kuskure, murna ta sa su tsaya kallon hotunan biki, ko su ja komai gaba ɗaya su tafi ɗora tukunya. Ke ki ɗauka awa ɗaya ya rage wa rumbun nan a duniya. Muryar Baba za ki fara fitarwa, don ita kaɗai ce ba ta da ta biyu. Sai babi huɗu, sai Excel, sannan hotuna, folda-folda. Copy za ki yi, ba Cut ba, don asalin ya zauna inda yake. In kin manta inda kika ajiye muryar, ki rubuta *.m4a ko *.mp3 ko *.amr a akwatin nema. Saƙon murya na WhatsApp kuma da opus ko ogg yake ƙarewa. Kada ki raina Downloads, nan gyare-gyaren malaminki suke. In da manhajar Zotero kike tara manazarta, foldarsa na nan cikin ta sunanki, ki ɗauke ta ɗungurungum. Manhajojin kansu, irin su Word da SPSS, ba sa kwafuwa, sai an sake saka su a sabuwar. Da kin gama ki buɗe kowane babi ki gangara har shafin ƙarshe, ki kunna muryar ki saurare ta har ta ƙare, don sunan fayil kan fito ras alhali cikinsa ya lalace.

Yanzu ga inda nake so ki kasa kunne. Yana yiwuwa kina jonawa wani ɗan akwati ya faɗo a allo, ya ce sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi, ga maɓalli biyu, Format disk da Cancel. Cancel za ki danna. Ko ya nemi a yi Initialize, ko ya ce bari ya duba ya gyara kurakurai. Duk amsarsu a'a. Kowannensu rubutu yake yi a kan rumbun, mu kuwa karatu kawai muka zo yi.

Ni da nake ba ki shawarar nan na ɗanɗana kuɗata. Shekarun baya kwamfutata ta ƙi tashi wata ranar Juma'a, na ajiye ta a wani shago na ce a duba mini, na wuce masallaci. Ban ce a goge ba, amma ban ce kada a goge ba. Na dawo na tarar da yaron shagon yana washe baki, ya juyo mini da allo: “Oga, na sa maka sabon windo, yanzu gudu take kamar iska.” Gudu kam tana yi. Na buɗe Documents, wayam. Rubutuna na shekara uku da hotunan sunan 'yata ta fari; garin gyaran gira an rasa ido. Na kwana biyu ina tono da wata manhaja mai suna PhotoRec, na samo kusan rabi, amma ba suna ba folda, kowane hoto ya koma harafin f da jerin lambobi, sai da na bi dubbai ɗaya bayan ɗaya. Wasu rabi hoto rabi toka-toka. Akwai wanda fuskar kakarta ta fito tana murmushi tana kallon ƙasa, jaririyar da ke hannunta kuwa toka ta cinye. Yaron ba mugu ba ne. Abin da aka koya masa ke nan, kwamfuta ta ƙi tashi, a sa windo.

Abin da ya sa aka samo rabin shi ne, gogewa da fomat na gaggawa ba sa kwashe hatsin, littafin da ke nuna wane buhu ke wane lungu kawai suke yagewa. Kayan na nan har sai an jibga sabo a kansu, kuma sabon Windows ɗin ne ya danne ɗaya rabin nawa. Saboda haka in rumbunki ya fito amma ya ƙi buɗuwa, da sauran dabara: TestDisk kan maido da littafin da ya yage, Recuva da PhotoRec kan tsinto fayiloli, kuma ana samunsu kyauta. A sabuwar kwamfuta ake saka manhajar, a wani wuri daban ake zuba abin da aka tsinto, ba a kan majinyacin ba. Wanda ya san aikinsa ma ba zai fara da tono ba, sai ya kwafi rumbun sukutum zuwa wani da manhaja irin su ddrescue, ya yi tiyatarsa a kan kwafin. In abin ya kai ki ga neman mai sani, ki tambaye shi da me zai fara. Amsarsa za ta gaya miki ko shi wane ne. SSD dai ba shi da wannan sassauci, don akwai wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin abin da aka goge ba da jimawa ba.

Wani akwatin da zai iya faɗowa shi ne na BitLocker, makullin da na ce zan zo kansa. Shi hatsin kansa yake juyawa ya zama abin da ba mai iya karantawa sai da mabuɗi, kuma zai nemi lamba mai alƙaluma 48. In da asusun Microsoft kike shiga, ki buɗe asusun a intanet, sashen na'urori, galibi lambar na ajiye a can. In babu ita, hanya ɗaya ta rage: a tada tsohon madabod ɗin, don a jikinsa mabuɗin yake, a mayar da rumbun, ki shiga da kalmar sirrinki. Wani dalilin ke nan na kada gawar ta bar hannunki. Duk wanda ya ce zai fasa miki BitLocker in kin ba shi kuɗi, ki riƙe kuɗinki. Ki kuma duba sabuwar taki tun yanzu, don Windows 11, musamman daga fitowar 2024, kan kunna makullin da kansa. Ki nemo lambarta ki rubuta a takarda ki sa cikin akwatin takardun makaranta.

Haka ma in rumbun na liƙe ne. Babu kesin, babu cirewa, sai ƙwararren mai gyaran madabod ya tada allon ko na awa ɗaya ne a kwashe kaya. Ki gaya masa ba canjin madabod kike so ba, don sabon madabod da nasa rumbun fanko yake zuwa.

Saura mai ƙwas-ƙwas. A cikin faifai mai juyawa akwai wata 'yar allura da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Ƙarar nan alama ce allurar ta ɓata hanya ko ta lalace, kuma duk kunnawa ɗaya tana iya karce daidai wurin da muryar Baba take. Za a ba ki shawarwari iri-iri: a sa shi a firiza, a ɗan bubbuga shi a tafin hannu, a buɗe a hura. Firiza raɓa take tara masa, buɗe shi a shagon bakin titi kuwa kashe shi ne murus. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne da ake tace iskarsa, sai dai a aika manyan birane, kuma kuɗin da nauyi. In ta kai ga haka ki zauna da 'yan'uwanki ku yi shawara, a kuma yi magana tun farko cewa sai an nuna miki jerin abin da aka ceto kafin ki biya. Babi huɗu ba su kai a kashe wannan kuɗi ba, ana iya sake buga su daga kwafin jan biro; muryar ce ta kai. Kuma ba abin gaggawa ba ne, rumbun da ke ajiye a busasshen wuri ba a kunna shi zai jira ku har ku haɗa kuɗin.

Batun ƙanenki. Ya yi ganganci, duk ɗan Jos ya san abin da damina ke yi wa kayan wuta. Amma Malama, mu faɗa wa juna gaskiya: da ba shi ba ne, da wata rana shayi ne, ko ɓarawo a cikin keke, ko faifan ya gaji don kansa. Aikin shekaru da muryar mahaifi suka zauna a wuri ɗaya tal, wannan kam ba yaron ya yi ba. Kuma Baban da kike kuka a kan muryarsa shi ma babansa ne. Ina jin mako ukun nan bai yi barcin kirki ba. Ki kira shi. Shi zai raka ki shagon gobe, shi zai yi zirga-zirgar neman kesin, in kuma ta kama a sake shigar da amsoshin, shi zai riƙa karanto miki kina bugawa.

Ranar da kayan suka sauka a sabuwar kwamfuta, kafin ki kwanta ki ɗora babin da Excel a Google Drive. Gigabait 15 suke bayarwa kyauta, OneDrive kuma 5, rubutunki gaba ɗaya da wuya ya cinye ko ɗaya. Muryar ki tura wa kowane ɗa na Baba, ki sa wani ya zauna ya rubuta labarin kuzar a takarda. Tsohon rumbun ki bar shi cikin kesinsa a durowa, kada ki goge, kada ki ƙara masa komai, har sai kin kare aikinki an sa hannu.

Gawar kuwa, bayan rumbu ya fito kuma kin ji muryar da kunnenki a sabuwar, ki mayar wa mai gyaran ku yi ciniki. Sikirin kuɗi ne, kibod kuɗi ne, har murfin. Kada ki sallama a tayin farko.